Gishiri, Shinkafa da Ƙwaya: Tarihin Yaƙi da Hawan Jini ta Hanyar Gyaran Abinci da Zaman Yau da Kullum

Gabatarwa

Ranar 12 ga watan Afrilu na shekarar 1945, Shugaban Amurka, Franklin Roosevelt, yana zaune a gidan hutawarsa da ke Warm Springs ana zana hotonsa, sai ya dafa kai ya ce yana jin wani matsanancin ciwo a ƙeya. Daga nan bai sake farfaɗowa ba. Da likita ya auna jininsa sai ya tarar ya kai 300 bisa 190. Kafin faɗuwar rana ya cika, yana da shekara 63, sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa. Likitocinsa sun daɗe da sanin jininsa yana hawa, amma abin da ke hannunsu bai wuce maganin ƙarfafa zuciya da na kwantar da hankali ba, sai kuma shawarar ya rage gishiri, ya rage taba, ya rage aiki.

Wannan shawara da aka bai wa Roosevelt don rashin abin da ya fi ta, ita ce dai ake bai wa ma'aikacin ofis a asibitocinmu a yau, alhali ga magunguna birjik a kanti. Wajibi ne ke nan a tambaya: mene ne ainihin ƙarfin wannan shawara, ina kuma ta tsaya? Tarihinta ya kasu zango uku. Da farko ita ce magani ɗaya tilo, sa'an nan aka jingine ta da ƙwaya ta samu, daga baya kuma bincike ya komo da ita, ya auna ta, ya nuna abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa.

Yadda Aka Fara Awo

Tun zamanin da, masu magani a Sin da Girka da ƙasashen Larabawa sun san bugun jini mai tauri idan sun taɓa wuyan hannu, kuma maganinsu shi ne a rage jinin ta hanyar tsaga ko ƙaho, kamar yadda wanzamai ke yi. Amma taɓawa ba awo ba ce. Wanda ya fara auna ƙarfin jini shi ne wani limamin coci a Ingila mai suna Stephen Hales, wanda ya buga sakamakon aikinsa a 1733. Ya haɗa doguwar tsirkiyar gilas da jijiyar wata goɗiya, jini ya hau cikinta har fiye da ƙafa 8. Ba shakka wannan hanya ba ta yiwuwa ga ɗan Adam.

Sai a 1896 wani likita ɗan Italiya, Scipione Riva-Rocci, ya fito da robar da ake ɗaurawa a damtse a hura mata iska, a karanta ƙarfin jini a jikin ma'aunin zaiba. A 1905 kuma wani likitan soja ɗan Rasha, Nikolai Korotkoff, ya gano cewa in aka saurari jijiya ana sassauta iskar, ana jin inda bugu ya fara da inda ya ɓace. Daga nan aka sami lambobi biyun da kowa ya sani: na sama, watau ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matsa, da na ƙasa, watau ƙarfinsa lokacin da ta saki.

Samun ma'auni bai sa an yarda cewa hawan jini cuta ne ba. Har cikin shekarun 1930 manyan likitocin Turai da Amurka da dama suna koyar da cewa jiki ne da kansa yake ɗaga ƙarfin jini domin ya tura shi ta cikin jijiyoyin da tsufa ya ƙuntata, saboda haka sauko da shi ɓarna ne. Waɗanda suka fara ganin gaskiya ba likitocin asibiti ba ne, 'yan lissafin kamfanonin inshora ne. Su kuɗinsu suke tsaro, don haka suka riƙa auna duk wanda ya zo sayen inshorar rai, suna rubuta ranar mutuwarsa. Rahotanninsu na 1925 da 1939 da 1959 duk sun nuna abu guda: gwargwadon hawan jinin mutum, gwargwadon gajartar kwanansa. Binciken da aka soma a garin Framingham na Amurka a 1948, inda aka bi rayuwar mutum 5,209, ya zo ya tabbatar da lissafinsu.

Gishiri Ya Shiga Zargi

A 1904 wasu likitoci biyu a birnin Faris, Ambard da Beaujard, suka lura da cewa in sun ƙara wa majinyatansu gishiri jininsu yakan hau, in sun janye shi yakan sauka. Majinyatan kaɗan ne, likitocin Jamus kuma suka musanta, magana ta kwanta. Wani likitan Amurka, Frederick Allen, ya sake tayar da ita a farkon shekarun 1920, shi ma bai sami mabiya da yawa ba. Dalilin abin kuwa a yau ba ɓoyayye ba ne. Sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri yana riƙe ruwa a jiki. In ya yi yawa har ƙoda ta kasa fitar da shi yadda ya kamata, ruwan jini yakan ƙaru, jijiyoyi su takura, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfin da ya wuce kima.

Mutumin da ya tilasta wa duniya ta saurara shi ne Walter Kempner, wani likita da ya baro Jamus a zamanin mulkin Hitila ya kama aiki a Jami'ar Duke ta Amurka. A 1939 ya soma ɗora masu mummunan hawan jini da ciwon ƙoda a kan wani irin abinci mai tsanani: dafaffiyar shinkafa ba gishiri ba mai, da 'ya'yan itatuwa, da ruwansu, da sukari. Ba nama, ba madara, ba miya. Sodiyam ɗin da ke cikin abincin yini guda bai wuce miligiram 150 ba, watau bai kai rabin giram na gishiri ba. A lokacin, wanda jininsa ya kai matsayin da ya fara lalata idanu da ƙoda da wuya ya shekara. Kempner ya nuna hotunan majinyata da zuciyarsu da ta kumbura ta koma daidai, da idanun da jini ya zuba a cikinsu suka washe. A rahotonsa na 1948, wajen kashi biyu cikin uku na majinyatansa sun sami sauƙi.

Wannan shi ne karo na farko da aka ga ƙarara cewa sauko da hawan jini ceton rai ne, kuma abinci kaɗai yana iya sauko da shi. Amma a cikin nasarar akwai darasi na biyu. Mutane ƙalilan ne suke iya jure cin lami wata da watanni. A asibiti, ƙarƙashin idon likita mai tsanani, suna bi. Da sun koma gida aka ajiye masu abin da iyali ke ci, sai su koma gidan jiya. Waɗanda suka kasa kuwa, abin da ya rage masu shi ne fiɗa, a yanke jijiyoyin da ke gefen ƙashin baya masu sa hanyoyin jini su tsuke.

Zuwan Ƙwaya

A wajajen 1958 aka fito da maganin da ake kira kulorotayazaid, ƙwaya mai sauƙin sha wadda ke sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. Abin lura a nan shi ne, aikin da shinkafar Kempner take yi ta hana gishiri shiga, shi ƙwayar take yi ta fitar da shi. Amma da yake haɗiyar ƙwaya ta fi cin lami sauƙi nesa ba kusa ba, nan da nan aka yi watsi da maganar abinci.

Ƙwaya kuwa ta nuna kanta. A 1967 Edward Freis ya buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan maza 143 masu awon ƙasa tsakanin 115 da 129. Cikin waɗanda aka bai wa ƙwayar banza, 27 suka gamu da mummunar matsala. Cikin waɗanda aka bai wa magani na gaske, 2 ne kacal. Aka dakatar da gwajin tun lokacinsa bai cika ba, don ci gaba da hana wasu magani ya zama zalunci. Duk mai maganar bar wa abinci komai da komai ya kamata ya riƙe waɗannan lambobi biyu. Da Roosevelt ya ƙara shekara ashirin a duniya, da likitocinsa sun sami abin da ya fi shawara.

Shaidar da Ta Fito daga Afirka

Yayin da ake ta wannan a asibitoci, wata tambaya ta daban tana nan: shin dole ne jinin mutum ya hau in ya manyanta? A 1929 wani likitan Ingila, Donnison, ya auna maza 1,000 a ƙauyukan bakin Tafkin Biktoriya a Kenya, ya tarar jininsu ba ya hawa da shekaru kamar na Turawa. Wasu suka ɗauka ke nan baƙar fata ba ya yin hawan jini. Ba a daɗe ba aka gane kuskure ne. A shekarun 1960 Shaper ya bi samarin ƙabilar Samburu, makiyaya, da suka shiga sojan Kenya suka koma cin abincin bariki mai gishiri, ya ga jininsu ya hau. A shekarun 1980 aka bi mutanen ƙabilar Luo da suka bar ƙauye zuwa Nairobi, aka tarar cikin 'yan watanni nauyinsu ya ƙaru, sodiyam ya yawaita a fitsarinsu, jininsu kuma ya ɗara na 'yan'uwansu da suka bari a gida.

A Nijeriya, Farfesa Oladipo Akinkugbe na Jami'ar Ibadan ya auna jama'ar birni da na karkara a ƙarshen shekarun 1960, ya kuma wallafa littafi a kan hawan jini a tsakanin 'yan Afirka a 1972, inda ya nuna cutar tana nan daram a cikinmu. A 1997 wani bincike da Richard Cooper ya jagoranta ya kwatanta baƙaƙen fata masu tushe ɗaya a wurare uku, ya sami hawan jini ga kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Asali ɗaya, zama daban. Gado yana da nasa rabo, amma abin da ke tayar da shi shi ne ƙiba, da gishiri, da rashin motsi.

Ƙasar Hausa ma tana da nata shafi a wannan tarihi. A da, gishiri kaya ne mai daraja wanda ayarin raƙuman Abzinawa ke ratsa hamada su ɗauko daga Bilma zuwa kasuwannin Kano da sauran birane. Tsadarsa ta sa ana zuba shi da lissafi, ɗanɗanon miya kuwa daddawa ce ke ba da shi. Amma akwai wata hanyar da sodiyam ke shiga tukunyar Bahaushe, watau kanwa. Turawa sun laƙaba mata sunan da ke nuna potasiyam ce, alhali mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne. A shekarun 1970 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a yankin Zariya. Sun danganta yawan abin da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, haɗe da zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta, kuma da yawa daga cikin matan an same su jininsu a sama. A yau kuwa, bayan kanwa, ga gishirin buhu mai araha, ga dunƙulen miya da ake jefa uku ko huɗu a tukunya ɗaya, ga yajin tsire, ga burodi, ga taliyar leda da ɗalibai suka mayar abincin dare.

An Komo Tukunya

Ƙasar da ta fara ɗaukar wannan a matsayin aikin jama'a baki ɗaya ita ce Finlan. A lardin Kareliya ta Arewa maza masu ƙarfi, masu saran itace da manoma, suna ta faɗuwa matattu da ciwon zuciya tun ba su tsufa ba, har jama'ar lardin suka kai kuka ga gwamnati. A 1972 aka soma wani shiri ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Ba a tsaya ga yi wa mutum ɗaya ɗaya wa'azi ba. An shiga ƙungiyoyin matan gida, da makarantu, da masu gasa burodi, da masana'antun nama da na madara, domin a rage kitse da gishiri tun daga inda ake sarrafa abinci, a kuma rage shan taba. Daga baya aka yi doka cewa duk abincin da gishirinsa ya yi yawa sai an rubuta a jikinsa. Cikin shekara 40 mutuwar ciwon zuciya a tsakanin maza masu shekarun aiki a lardin ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

A 1988 aka buga sakamakon binciken INTERSALT, wanda ya auna gishirin fitsari da ƙarfin jinin mutum 10,079 a wurare 52 cikin ƙasashe 32. A wurare huɗu da ba su cin gishiri sai kaɗan, ciki har da 'yan ƙabilar Yanomami na dajin Birazil, hawan jini kusan babu shi, tsoho da yaro kuma awonsu kusan ɗaya. A sauran wurare, inda gishiri ya fi yawa nan jini ya fi saurin hawa da shekaru.

Gwajin da ya fi kowanne tasiri shi ne wanda ake kira DASH, da aka buga a Amurka a 1997. An ɗauki mutum 459 ana dafa masu abinci har mako 8. Wasu aka ba su irin abincin da suka saba, wasu aka ba su mai yawan ganyaye da 'ya'yan itatuwa da wake da gyaɗa da madara marar maiƙo, aka rage masu jan nama da kitse da zaƙi. Ba a rage gishiri ba, ba a kuma bari nauyinsu ya sauka ba. Duk da haka, a cikin masu hawan jini awon sama ya sauka da 11.4, na ƙasa da 5.5. Wannan daidai yake da aikin ƙwaya guda. A 2001 aka maimaita da mutum 412, wannan karo aka haɗa da rage gishiri, saukar ta ƙaru. Bambancin wannan da shinkafar Kempner shi ne, abinci ne da iyali duka za su iya ci tare har iyakar rayuwa. Zogale, da rama, da alayyafo, da kuɓewa, da wake, da gero, da nono tsala, duk 'yan gidan wannan tsari ne.

Wasu ƙasashe suka bi sawu. A Birtaniya an matsa wa masana'antun abinci su riƙa rage gishiri sannu a hankali yadda harshe ba zai lura ba, abin da mutum ke ci a yini ya sauko daga giram 9.5 a 2003 zuwa 8.1 a 2011. Afirka ta Kudu ta kafa dokar ƙayyade gishirin burodi da sauran kayan masana'anta a 2013. A ƙasar Sin, a 2021, aka buga sakamakon gwaji a ƙauyuka 600 da mutum 20,995, inda aka musanya wa rabinsu gishirin girki da wanda aka maye kashi ɗaya cikin huɗunsa da potasiyam. Shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Sai dai wannan gishiri haɗari ne ga mai ciwon ƙoda. Hatta zoɓo an gwada shi: a 2010, a Jami'ar Tufts ta Amurka, mutum 65 suka shiga gwaji, waɗanda suka sha kofi uku kullum har mako 6 awonsu na sama ya sauka da wajen 7. Gwajin ƙarami ne, kuma zoɓon da aka cika wa sukari ba shi ake nufi ba.

Abin da Tarihi Ya Tabbatar

Abubuwan da shekara ɗari na bincike suka tace ba su da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, watau ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, a haɗa da wanda ke cikin dunƙule da burodi. Abin da mutanen duniya ke ci kuwa ya ninka haka. Mai ƙiba in ya rage kilo guda, awon sama yakan sauka da wajen maki guda. Tafiya da sauri ko wani motsa jiki na minti 150 a mako yana saukar da wasu 'yan makin. Barin giya yana saukar da jini, barin taba kuma yana kare zuciya da jijiyoyi daga ɓarnar da hawan jinin ke haɗuwa da ita. Kowanne shi kaɗai kaɗan ne, amma in aka haɗa su, da yawan masu ƙaramin hawan jini sukan koma daidai, wanda bai kamu ba kuma ya jinkirta kamuwa ko ya tsira.

Iyakar ma a fili take. Ana cewa mutum yana da hawan jini in awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku dabam-dabam. Wanda ya ɗan haura wannan, ba shi kuma da wata cuta, likita yakan ba shi 'yan watanni ya gwada gyaran abinci da motsi, ana aunawa. Amma wanda ya kai 160 bisa 100, ko mai ciwon sukari, ko ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai juna biyu da jininta ya hau, wannan magani ya kama shi, gyaran abinci kuwa mataimaki ne. Wanda ya riga ya fara shan ƙwaya bai kamata ya ajiye ta don ya ji garau ba, domin hawan jini ba ya sallama. A rahotonta na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun kai biliyan 1.3, ninki biyu na adadin 1990, kusan rabinsu kuma ba su san suna da ita ba.

Kammalawa

Samarin Samburu da suka shiga bariki da mutanen Luo da suka sauka Nairobi ba baƙi ba ne ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati. Yaron da ya tashi yana noma da tafiyar ƙasa, ya yi karatu, ya sami kujera da mota da naman yamma, shi ne wanda tarihin nan yake ba da labarinsa, ƙaruwar tumbinsa kuma jama'a su riƙa yi masa barka da hutu. Aikin farko da ke kansa shi ne ya miƙa damtse a auna shi, ko da sau ɗaya a shekara, tun yana jin kansa lafiya lau.

Aiki na biyu ya fi faɗi. Majinyatan Kempner sun koma ruwa ne domin su kaɗai aka canza wa abinci, mutanen Finlan kuwa sun dore domin tukunyar gari duka aka gyara. Wanda ke tsara abincin makarantar kwana, ko na asibiti, ko na bariki, da wanda ke rubuta ƙa'idar abin da masana'anta za ta zuba a dunƙule da burodi, da wanda ke yanke shawarar ko za a ajiye ma'auni a ɗakin shan magani na ƙauye, duk ma'aikatan gwamnati ne, ko ɗaliban da za su gaje su. Giram ɗaya na gishiri da suka rage a bisa takarda zai kai ga gidajen da likita ba zai taɓa shiga ba.